Katako a Madadin Kankare da Ƙarfe: Sabon Salon Gina Cibiyoyin Adana Bayanai

Gabatarwa

A ƙarshen watan Oktoba na shekarar 2024, kamfanin Microsoft ya ba da sanarwar cewa yana gina wasu cibiyoyi biyu na adana bayanai a arewacin jihar Bajiniya ta ƙasar Amurka, kuma an yi amfani da katako a wani ɓangare na benayensu da rufinsu. Labarin ya ba mutane da dama mamaki. A tunanin galibin jama'a katako kayan kafinta ne, na ƙofa da taga da bencin makaranta, wanda wuta ke cinyewa, gara kuma ta ƙarasa abin da ya rage. Ta yaya za a danƙa masa amanar ginin da ke ɗauke da dubban kwamfutoci waɗanda ba a kashe su dare da rana?

Manufar wannan darasi ita ce a bayyana wa ɗalibai da malamansu dalilan kimiyya da suka sa injiniyoyi suka waiwayi katako, da irin katakon da ake nufi, da yadda ake ƙera shi, da kuma iyakar amfanin da zai iya yi wajen rage gurɓatar iska. Za a ga cewa amfanin na gaskiya ne, amma yana da sharuɗɗa, kuma ba a gane girmansa sai an zauna an yi lissafi.

Mece Ce Cibiyar Adana Bayanai?

Duk lokacin da mutum ya aika saƙo ta wayar salula, ko ya tura kuɗi ta banki, ko ya duba sakamakon jarrabawa a intanet, akwai wata kwamfuta a wani wuri da ta karɓi buƙatarsa ta amsa masa. Irin waɗannan kwamfutoci ana kiran su saba, kuma ana tara su dubbai a cikin gini guda, a jere cikin dogayen kabatoci na ƙarfe. Wannan gini shi ne cibiyar adana bayanai. Ban da kwamfutocin, a cikinsa akwai na'urorin sanyaya iska ko ruwa, da manyan batura, da janaretoci na ko-ta-kwana, domin ɗaukewar wuta ta daƙiƙa kaɗan tana iya tsayar da harkokin miliyoyin mutane.

Yankin arewacin Bajiniya, musamman garin Ashburn da kewayensa, ya fi ko'ina a duniya tarin irin waɗannan cibiyoyi. Tun daga shekarar 2022, lokacin da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka yaɗu a hannun jama'a, gina sababbin cibiyoyi ya ƙaru ƙwarai da gaske. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2024 cibiyoyin adana bayanai sun sha wutar lantarki da ta kai kimanin kashi 1.5 cikin 100 na dukkan wadda aka yi amfani da ita a duniya, ta kuma yi hasashen cewa wannan adadi zai ninka fiye da sau biyu kafin shekarar 2030. Kowace sabuwar cibiya kuwa tana bukatar harsashi da ginshiƙai da benaye da rufi, kuma bisa al'ada da kankare da ƙarfe ake yin su.

Hayaƙi Iri Biyu

Iskar kabon dayoksaid ita ce kan gaba a cikin iskokin da ke riƙe zafin rana a sararin duniya, abin da ke haddasa ɗumamar yanayi. Masana sun kasa wadda gini ke jawowa gida biyu. Kashi na farko shi ne hayaƙin gudanarwa, wato wanda tashoshin lantarki ke fitarwa domin samar da wutar da ginin ke sha a tsawon rayuwarsa. Kashi na biyu shi ne hayaƙin ginawa, wato wanda aka fitar wajen haƙo kayan gini da sarrafa su da ɗauko su zuwa filin aiki. Bambancin da ke tsakaninsu yana da muhimmanci. Ana iya rage hayaƙin gudanarwa daga baya, idan aka koma ga wutar hasken rana ko ta iska ko ta ruwa. Shi kuwa hayaƙin ginawa ya riga ya hau sama tun kafin a kunna kwamfuta ta farko, ba kuma a iya dawo da shi.

Siminti da ƙarfe su ne tushen mafi yawan hayaƙin ginawa. A masana'antar siminti, kamar ta Ashaka a jihar Gombe, ko ta Obajana a jihar Kogi, ko ta Kalambaina a Sakkwato, ana niƙa dutsen farar ƙasa a haɗa shi da yumɓu a gasa a cikin tanderu mai zafin kimanin digiri 1,450. Hayaƙin da ke fita daga nan yana da mafari biyu. Na ɗaya shi ne man da ake ƙonawa don samun wannan zafi. Na biyu, wanda ya fi yawa, daga jikin dutsen kansa yake fita, kamar yadda ɗaliban kimiyyar haɗa sinadarai suka sani:

CaCO₃ → CaO + CO₂

Daga kowane giram 100 na tsantsar dutsen farar ƙasa, giram 44 ne ke tashi a matsayin kabon dayoksaid. Ke nan ko da za a hura tanderun da makamashi marar hayaƙi, wannan kaso ba zai gushe ba. Shi ya sa masana'antar siminti ke da alhakin kimanin kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na kabon dayoksaid da ɗan Adam ke fitarwa kowace shekara.

Shi ma ƙarfe haka abin yake. Tama, wadda maƙeran dā suke narkarwa da gawayi, ƙarfe ce haɗe da iskar oksijin. Manyan masana'antu na yau suna amfani da gasasshen kwal wajen raba su, sai kabon ɗin kwal ya haɗu da oksijin ɗin tama ya fita a matsayin hayaƙi. A matsakaicin lissafi na duniya, kowane tan ɗaya na ƙarfe yana jawo fitar kusan tan 1.9 na kabon dayoksaid, ko da yake wanda aka yi ta hanyar narkar da tsofaffin ƙarafa da lantarki bai kai haka ba ko kusa.

Wannan matsala ta fito fili a rahoton da Microsoft ya fitar a shekarar 2024. Kamfanin ya yi alkawari tun a 2020 cewa kafin 2030 zai riƙa cire kabon daga iska fiye da wanda yake zubawa. Amma rahoton ya nuna hayaƙinsa ya ƙaru da kusan kashi 29 cikin 100 a kan na 2020, kuma babban dalilin shi ne gina sababbin cibiyoyi da sayen kayan da ake zubawa a cikinsu.

Yadda Itace Ke Tara Kabon

Itace yana yin akasin abin da tanderun siminti ke yi. Ta hanyar aikin da ake kira fotosintesis, ganye yana zuƙar kabon dayoksaid daga iska, ya haɗa shi da ruwan da saiwa ta jawo, ya yi amfani da hasken rana ya ƙera sukari, ya saki oksijin. Da wannan sukari ne itacen ke gina jikinsa. Kusan rabin nauyin busasshen katako kabon ne da ya fito daga iska.

Ga lissafin a sauƙaƙe. A ɗauki kubik mita ɗaya na katako, wato dunƙulen da tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa duk mita ɗai-ɗai ne, a ƙaddara cewa nauyinsa bayan ya bushe sarai kilogiram 450 ne. Rabin wannan, wato kilogiram 225, kabon ne. Nauyin ƙwayar kabon 12 ne, na kabon dayoksaid kuwa 44. Idan aka ninka 225 da 44 aka raba da 12, za a sami kilogiram 825. Ma'ana, wannan dunƙulen katako yana riƙe da kabon ɗin da ya yi daidai da kilogiram 825 na kabon dayoksaid, kuma zai ci gaba da riƙe shi muddin bai ruɓe ba, bai kuma ƙone ba.

Akwai fa'ida ta biyu, wato rashin nauyi. Kubik mita ɗaya na kankare yana kai kilogiram 2,400, na ƙarfe kuwa 7,850, alhali na katakon gini bai cika wuce 500 ba. Idan benen gini ya yi sauƙi, ginshiƙan da ke ɗauke da shi ba sa bukatar ƙarfe mai yawa, harsashin ma ba ya bukatar kankare mai yawa. Ta haka ragin da aka samu a sama yakan bi gini har ƙasa.

Yadda Ake Ƙera Dunƙulallen Katako

Katakon da ake magana a kansa ya bambanta da falankin da ake sayarwa a kasuwar 'yan katako. Ƙerarren abu ne da ake haɗawa a masana'anta daga ƙananan falankai har ya zama allo ko ginshiƙi mai kauri da tsawo, shi ya sa ya dace a kira shi dunƙulallen katako. Nau'o'insa biyu ne suka fi shahara.

Na farko shi ne manannen katako, inda ake jera falankai ɗaya bisa ɗaya, dukkansu suna fuskantar gefe guda, a manne su da gam mai ƙarfi. Da shi ake yin ginshiƙai da dogayen sandunan kwance da magina ke kira bim. Wani kafinta Bajamushe mai suna Otto Hetzer, na garin Weimar, ya yi rajistar haƙƙin wannan ƙira a shekarar 1906.

Na biyu shi ne gicciyayyen katako, wanda injiniyoyi ke taƙaita sunansa da haruffan CLT. An bunƙasa shi ne a Ostiriya da Jamus a shekarun 1990, kuma binciken digirin digirgir da Gerhard Schickhofer ya kammala a Jami'ar Fasaha ta Graz a 1994 yana cikin ayyukan da suka aza masa tubali. Matakan ƙera shi su ne kamar haka:

1. Ana tsaga gungume zuwa falankai, a busar da su a ɗakin zafi har danshinsu ya sauko zuwa kimanin kashi 12 cikin 100.
2. Ana tantance ƙarfin kowane falanki, a yanke wuraren da ke da aibi, a haɗa guntayen baki da baki don su yi tsawo.
3. Ana shimfiɗa sahu na farko a tsaye, a shafa gam, a ɗora sahu na biyu a gicciye, na uku kuma ya koma yadda na farko yake. Yawan sahun yakan zama mara, wato 3 ko 5 ko 7.
4. Ana matse su da injin matsa har gam ɗin ya kama.
5. Injin yanka da kwamfuta ke sarrafawa yana fitar da kafar ƙofa da ta bututu da ta wayoyin lantarki daidai da zanen gini.

Allon da ke fitowa yana iya kai mita 3 a faɗi, tsawonsa kuma ya haura mita 15. Hikimar gicciyawar tana cikin ɗabi'ar itace. Duk mai faskare ya san gatari yana tsaga icce cikin sauƙi idan ya bi tsawonsa, amma da wuya ya datse shi ta gefe. Dalili shi ne zaruruwan itace a tsaye suke, ƙarfinsa yana bin tsawonsu, kumburinsa da motsewarsa kuwa ta faɗi suke faruwa. Da aka gicciya sahun, sai kowane sahu ya riƙe na kusa da shi ya hana shi motsi, allon kuma ya sami ƙarfi ta ɓangarori biyu. Hikimar da ke cikin filawud ke nan, da ta saƙar tabarma, sai dai a nan kowane sahu falanki ne mai kauri.

Da yake a yanke allunan ke isowa filin aiki, abin da ya rage shi ne injin ɗaga kaya ya ɗora su a mazauninsu, ma'aikata su ɗaure da dogayen kusoshi masu murɗi da faranta na ƙarfe. Babu jiran kankare ya bushe, saboda haka aikin ya fi sauri.

Gine-ginen da Aka Riga Aka Yi

An fara gwada dunƙulallen katako a gidaje da makarantu da ofisoshi kafin a kai ga cibiyoyin bayanai. A shekarar 2019 aka kammala wani bene mai hawa 18 da tsayin mita 85.4 a garin Brumunddal na ƙasar Norwe. A 2022 wani mai suna Ascent, a birnin Milwaukee na Amurka, ya ɗara shi kaɗan da tsayin mita 86.6 da hawa 25. Kundin ƙa'idojin gini da mafi yawan jihohin Amurka ke dogara da shi ya amince, a bugunsa na 2021, da gina benen dunƙulallen katako har hawa 18 bisa wasu sharuɗɗa.

Ta fuskar adana bayanai kuwa, ƙasar Suwidin ta riga Amurka. A garin Falun akwai cibiyar kamfanin EcoDataCenter, wadda ta soma aiki a 2019, kuma ƙwarangwal ɗin gininta na katako ne. Wutar da take sha daga makamashi mai sabuntuwa take fitowa, zafin da kwamfutocinta ke fitarwa kuma an tsara a riƙa tura shi wata masana'anta da ke maƙwabtaka da ita, inda ake busar da dusar katako don yin makamashi.

Cibiyoyin Microsoft na Bajiniya gauraye ne. Harsashinsu kankare ne, ginshiƙansu ƙarfe, sai allunan gicciyayyen katako suka maye gurbin kankare mai kauri da aka saba zubawa a benaye, aka kuma shimfiɗa siririn kankare a bisansu don kariya daga ruwa da lalacewa. Kamfanin ya ƙiyasta cewa wannan tsari ya rage hayaƙin ginawa da kashi 35 cikin 100 idan aka kwatanta da ginin ƙarfe na al'ada, da kashi 65 cikin 100 idan aka kwatanta da ginin kankaren da ake zubawa a masana'anta. A shekarar 2025 shi ma kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, ya sanar da fara gwajin dunƙulallen katako a harabobin cibiyoyinsa, inda ya soma da ginin ofis a Aiken ta jihar Karolina ta Kudu. Abin lura shi ne Meta ya fara ne da ofisoshin ma'aikata, bai fara da zauren kwamfutoci ba. Zauren yana da buƙatu masu tsanani: kabad guda cike da saba yana iya kai tan ɗaya ko fiye, ga kuma haɗarin gobara da na yoyon ruwa.

Gobara da Danshi

Tambayar da kowa ke fara yi ita ce ta wuta. Amsarta tana murhun kowane gida. Ƙirare yakan kama nan take ya zama toka, amma gungume yakan kwana yana ci bai ƙare ba. Idan zafi ya kai kimanin digiri 300, bayan katako yakan zama gawayi, shi kuma gawayi ba ya barin zafi da iska su ratsa cikin sauƙi, sai cikin katakon ya zauna da ƙarfinsa. Gwaje-gwaje sun nuna cewa a katakon gini wannan gawayi yana shiga ciki da saurin kimanin milimita 0.65 a minti ɗaya. A cikin awa guda ke nan wuta za ta ci milimita 39, wato kusan santimita 4. Da yake an san wannan adadi, injiniya yakan ƙara wa bim ko allo kaurin da wuta za ta ci, ta yadda abin da ya rage zai ci gaba da ɗaukar gini har mutane su fita, 'yan kwana-kwana su iso. Shi kuwa ƙarfe, ko da yake ba ya kamawa da wuta, yakan rasa kusan rabin ƙarfinsa a zafin digiri 550 zuwa 600, ya soma lanƙwashewa, shi ya sa shi ma ake lulluɓe shi da abin kariya.

Duk da haka ba a ce katako ya daina zama makamashi ba. An gano cewa wasu nau'o'in gam suna saki idan sun ji zafi, sai sahun da ya zama gawayi ya faɗo, sabon katako ya bayyana, wuta ta sake tashi. Saboda haka a shekarar 2018 aka tsaurara ƙa'idar ƙera gicciyayyen katako a Amurka da Kanada, aka wajabta amfani da gam mai jure zafi. A wurare masu haɗari, kamar ɗakin batura, akan rufe katakon da allunan jibsam, a kuma kafa na'urorin kashe gobara masu aiki da kansu.

Abin da ya faru a birnin Strasbourg na Faransa ya isa izina. A daren 10 ga Maris, 2021, gobara ta cinye ɗaya daga cikin cibiyoyin kamfanin OVHcloud ƙurmus, miliyoyin shafukan intanet suka ɗauke, wasu abokan hulɗar kamfanin kuma suka yi asarar bayanansu har abada. Binciken da aka gudanar ya nuna cewa benayen ginin na katako ne, babu na'urar kashe gobara mai aiki da kanta, kuma hanyoyin da aka buɗe wa iska don sanyaya kwamfutoci sun taimaka wa wutar ta hau sama. Darasin shi ne kaurin katako da irin gam da tsarin kariya duk tare suke aiki, idan ɗaya ya ɓace sauran ba za su wadatar ba.

Danshi maƙiyi ne na biyu, kuma a ɓoye yake ɓarna. Idan ruwan da ke jikin katako ya haura kashi 20 cikin 100 ya kuma daɗe a haka, ƙwayoyin funfuna sukan soma cin sa. A cikin zauren kwamfutoci wannan bai cika zama matsala ba, domin ana tsare zafinsa tsakanin digiri 18 zuwa 27, ana kuma lura da laimar iska. Haɗarin yana lokacin gini, idan ruwan sama ya jiƙa alluna aka rufe su ba su bushe ba, ko kuma idan bututun ruwan sanyaya ya yi yoyo ba a ankara ba.

Daga Wane Daji?

Lissafin kilogiram 825 da aka yi a baya yana da sharaɗi babba. Itacen da aka sare ya daina zuƙar kabon, kuma ba dukkansa ke zama falanki ba. Rassa da saiwoyi sukan ruɓe a daji, ɓawo da dusa kuma galibi ƙona su ake yi ko a yi takarda da su, sai kabon ɗinsu ya koma iska cikin ɗan lokaci. Ribar tana tabbata ne idan wani itace ya tsiro a gurbin wanda aka sare, ya girma ya sake zuƙar abin da aka fitar. Wannan kuwa yana cin lokaci: shekara 25 zuwa 35 a gandayen kudu maso gabashin Amurka, shekara 60 zuwa 100 a ƙasashen arewacin Turai masu sanyi.

A kan wannan batu masana sun yi saɓani. Masu goyon bayan katako sukan kafa hujja da Suwidin, wadda tun 1903 ta kafa dokar da ta tilasta sake dasa itatuwa bayan sara, kuma yawan katakon da ke tsaye a dazuzzukanta ya kusan ninkawa cikin ƙarni guda duk da saran da ake yi. Masu suka kuwa suna cewa gandun da aka dasa itace iri ɗaya bai kai tsohon daji yawan halittu ba. A shekarar 2023 Timothy Searchinger na Jami'ar Princeton da abokan aikinsa sun buga nazari a mujallar Nature, inda suka nuna cewa idan aka lissafa kabon ɗin da daji zai ci gaba da tarawa da an bar shi, to saran itatuwa a duniya yana da tsadar kabon mai yawa wadda aka saba mantawa da ita. Wasu masanan gandun daji sun ƙalubalanci hanyar lissafinsu, kuma muhawarar ba ta ƙare ba. Abin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi shi ne katakon da aka samo ta hanyar share tsohon daji ba ya da wata riba ga yanayi. Shi ya sa manyan masu gini ke neman shaidar ƙungiyoyin tantancewa, irin su FSC da aka kafa a 1993, wadda ke bin sawun katako daga daji zuwa masana'anta.

Haka kuma akwai tambayar ƙarshen gini. Idan bayan shekara 50 aka rushe shi aka ƙona allunan, kabon ɗin ya koma inda ya fito. Idan kuwa aka kwance su aka sake gini da su, ajiyar ta ci gaba.

Girman Ribar a Ma'auni

Domin a gane matsayin katako a cikin dukkan lissafin, ga wani misali na aji, wanda adadinsa na ƙaddarawa ne. A ce wata cibiya tana shan megawat 30 na lantarki ba tsayawa. Shekara tana da awa 8,760, saboda haka za ta sha megawat-awa 262,800. Idan tashoshin da ke ba ta wuta suna fitar da kilogiram 400 na kabon dayoksaid a kan kowane megawat-awa, hayaƙin gudanarwarta zai kai tan 105,120 a shekara, wato tan 288 a kowace rana. A ce kuma an yi amfani da kubik mita 5,000 na katako wajen gina ta. Kabon ɗin da ke ajiye a cikinsa ya yi daidai da tan 4,125. Idan aka raba 4,125 da 288, za a ga cewa duk ajiyar ta yi daidai da hayaƙin kimanin kwana 14 kacal.

Wannan sakamako yana koyar da abu biyu. Na farko, a inda wuta ke fitowa daga kwal da iskar gas, sauya tushen lantarki ya fi sauya kayan gini tasiri nesa ba kusa ba. Na biyu, a inda wutar ta riga ta zama mai tsabta, kamar Falun, hayaƙin gudanarwa yakan yi ƙasa ƙwarai, sai abin da ya rage ya zama na gini da na ƙera kwamfutocin kansu, waɗanda ake sauyawa bayan 'yan shekaru. A nan ne zaɓin katako ke da nauyi a ma'auni. Kuma tun da a kan takardar zane ake yanke shawarar kayan gini, damar ragin sau ɗaya take zuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ƙasashe Masu Zafi

Ɗora nauyin gini a kan itace ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Magina sun daɗe suna rufin soro da azarar giginya, wadda gara ba ta cika yi wa illa ba, suna jera ta a gicciye don ta ɗauki nauyin ƙasa. Amma dunƙulallen katakon da ke kasuwa a yau galibinsa daga itatuwan ƙasashe masu sanyi ake yin sa, kuma yawancin masana'antunsa suna Turai da Arewacin Amurka. Kafin ya dace da wuri irin Legas, inda mafi yawan cibiyoyin adana bayanai na Nijeriya suke, sai an magance gara da laimar iska, an kuma lissafa hayaƙin jirgin ruwan da zai kawo shi. A ƙasar da dazuzzukanta ke raguwa, matakin farko shi ne dasa gandaye da bincike a kan itatuwan gida, aikin da ke jiran ɗaliban gandun daji da na injiniya.

Kammalawa

An ga cewa siminti da ƙarfe suna fitar da kabon dayoksaid tun daga sinadaran ƙera su, itace kuwa yana tara shi. An ga yadda gicciya falankai ke mayar da katako allon da zai iya ɗaukar bene, da yadda ake lissafa juriyarsa ga wuta. An kuma ga sharuɗɗa uku da ribarsa ta rataya a kansu: dajin da aka sara ya sake tsirowa, ginin ya tsira daga wuta da ruwa ya daɗe, wutar lantarkin da ke gudanar da shi kuma ta zama mai tsabta. Duk lokacin da ɗalibi ya ji an ce wani gini ya rage hayaƙi da kashi kaza, ya kamata ya tambaya: da wane gini aka kwatanta, kuma wane kashi na hayaƙin aka lissafa?

Tambayoyi Don Nazari

1. Bayyana bambancin da ke tsakanin hayaƙin ginawa da hayaƙin gudanarwa, tare da misali ɗai-ɗai.
2. Tan nawa na kabon dayoksaid zai fita idan aka gasa tan 500 na tsantsar dutsen farar ƙasa?
3. Allon katako mai kaurin milimita 175 ya yi minti 90 wuta tana cin sa ta fuska ɗaya. Milimita nawa ya rage bai zama gawayi ba?
4. A sake lissafin cibiyar megawat 30, amma a ƙaddara cewa tashoshin lantarki suna fitar da kilogiram 20 kacal a kan kowane megawat-awa. Ajiyar katakon ta yi daidai da hayaƙin kwana nawa?
5. Aikin aji: a samo sandunan ashana ko siraran tsinke, a manna sahu uku masu fuskantar gefe guda, a manna wasu ukun a gicciye. Bayan sun bushe, a gwada karya kowanne ta tsawo da ta faɗi, a rubuta abin da aka lura da shi.